Faɗin Takun Keke, da Yadda A Ke Auna Shi

Ya kai mai karatu, in kana da keke, ko kuwa kana tara kuɗin sayensa, to, da kai na ke. Na san kai ba baƙon keke ba ne. Duk wanda ya zauna a Gafasa, ko Toranke, ko Balare, ko wani gari na ƙasar Ajingi da Gaya, ya san abin da keke ya ke yi wa talaka. Shi ne ya ke kai taki gona da bazara, shi ne ya ke ɗauko buhun gero da kaka, shi ne ya ke kai yaro asibiti da tsakad dare, mai ƙarfin hali kuwa har kasuwar Wudil ya kan kai shi ran Juma'a. Ko da ya ke babura sun yi yawa, mai babur sai ya sayi mai kafin ya motsa, mai keke kuwa tuwon da ya ci jiya shi ne mansa.

In mutum ya je sayen keke, ya kan latsa taya, ya matsa birki, ya girgiza sirdi, ya kaɗa ƙararrawa, sa'an nan ya shiga ciniki. Duk wannan daidai ne. Amma akwai abu guda wanda ba safai a kan duba ba, ga shi kuwa gwiwoyin mutum sun dogara gare shi. Abin nan shi ne ratar da ke tsakanin ƙafarka ta dama da ta hagu sa'ad da ka ɗora su bisa feda. A cikin wannan ɗan littafi za mu kira shi faɗin taku.

Ka fara da sawunka

Kafin ka taɓa keke, ka yi wannan gwaji. Ka nemi wuri mai rairayi, da safe bayan an yi ruwa, ka yi tafiya irin taka ta kullum, kamar taku goma. Ka waiwaya ka dubi sawunka. Ka ɗauki tsinke ka ja layi ɗaya ta tsakiyar sawun dama, ka ja wani ta tsakiyar sawun hagu. Za ka ga ratar da ke tsakanin layin nan biyu ba ta da yawa, yawanci kamar faɗin tafin hannu ce, watau wajen inci 4, ko ta ɗara kaɗan. Haka aka halicci ɗan Adam, yana tafiya ƙafafunsa na bin juna kusa da kusa.

Yanzu ka hau kekenka ka dubi ƙasa. Ratar ta zama inci 10, ko 11, ko fiye. Ba laifin maƙeran keke ba ne, dole ce ta sa. Tsakanin ƙafafunka biyu sai an sami wurin gangar jikin keken, da sarƙa, da farantin da ke jan sarƙar, da kaurin tayar baya. Saboda haka duk mai tuƙa keke a ware ya ke tafiya. Tambayar ita ce, warewar nan nawa ce, kuma ta dama da ta hagu sun zo daidai ko ba su zo ba?

Watakila ka ce, ai mai doki ya fi haka ware ƙafa, ba mu ji ya yi kuka ba. Gaskiya ne. Amma mai doki zaune ya ke, doki ke aiki. Kai kuwa kai ne dokin. Bari mu yi ɗan lissafi. Babban baƙin keken nan mai taya inci 28, in tayarsa ta juya sau ɗaya ta ci mita 2 da ɗan abin da ya ɗara. In farantinsa na da haƙora 44, ƙaramin na baya kuma 18, to, ko wane zagaye ɗaya na feda yana kai ka kamar mita 5 da rabi. Ke nan a cikin kilomita guda ko wace gwiwa za ta lanƙwashe ta miƙe wajen sau 180. Wanda ya yi kilomita 20 zuwa da komowa ya lanƙwasa ko wace gwiwa fiye da sau 3,500, in ka ɗebe gangaren da ya saki feda ya huta. A ƙasarmu kuwa gangare kaɗan ne, rairayi ne da yawa, ga kaya a baya. Karkacewar da ba ta kai kaurin ɗan yatsa ba, in an maimaita ta sau dubu uku ko wace rana, ta isa ta kwantar da ƙato.

Sunayen kayan, da awo iri biyu

Tun da ya ke za mu yi ta ambatonsu, gara mu san su. A ƙasan keke, inda ƙarafan gangar jiki suka haɗu, akwai wani gida kamar gwangwani a kwance, a cikinsa boris su ke. Ta cikin gidan nan wani gajeren ƙarfe ya ratsa daga dama zuwa hagu, shi za mu kira ƙarfen tsakiya. A ko wane bakinsa an ɗaura hannu guda na ƙarfe, shi ne hannun feda. A ƙarshen ko wane hannu akwai rami mai zare, inda a ke murɗa feda.

Awo iri biyu ne, kada ka gama su. Na fari shi ne faɗin hannuwa, watau daga fuskar waje ta hannun dama, daidai bakin ramin feda, zuwa fuskar waje ta hannun hagu, daidai bakin nasa ramin. Wannan awon ƙarfe ne zalla, ba ruwansa da irin fedar da ka sa. Na biyu shi ne faɗin taku na ainihi, daga tsakiyar fedar dama zuwa tsakiyar ta hagu, inda tafin ƙafarka ya ke sauka. Masu sayar da kaya da na fari su ke magana, gwiwarka kuwa na biyu ta sani.

Wannan ba sabuwar magana ba ce. Keke irin na yanzu, mai tayoyi biyu kusan daidai da juna da sarƙa zuwa baya, ya bayyana a Ingila a 1885, a garin Coventry, ta hannun wani mutum John Kemp Starley. Ba a yi shekara goma ba sai ga masu ƙera kekuna na Ingila da Amurka suna tallan nasu da cewa ya fi na wasu matsattsen taku. Daga baya, a 1990, wani Ba'amurke mai suna Grant Petersen, yana aiki da kamfanin Bridgestone, ya laƙaba wa awon hannuwa harafin Q. Ya ɗauko harafin daga kalmar da Turawa ke kwaikwayon kukan agwagwa da ita, domin ba'a, wai mai keke mai faɗin taku tafiyar agwagwa ya ke yi. Sunan ya bi abin, har yau in ka ga harafin Q da lamba a jikin kwalin hannun feda, faɗin hannuwa a ke nufi.

Da milimita a ke rubuta lambar. Kada sunan ya ba ka tsoro. Ka dubi rular ɗan makaranta: 'yan ƙananan layukan nan da suka fi kusa da juna, ko wane ɗaya milimita ne. Goma daga cikinsu su ne santimita 1. Inci 1 kuwa milimita 25 ne da ɗan ɗoriya. Ƙwayar gero ba ta fi milimita 2 ko 3 ba.

Abin da ya sa wani keke ya fi wani faɗi

Keken tsere na kan kwalta, mai siririyar taya, faɗin hannuwansa ya kan kama daga milimita 145 zuwa 150. Keken hawan dutse, irin wanda ya cika kasuwannin gwanjo, mai taya mai ƙuraje da faranti biyu ko uku, ya kan kai 165 zuwa 175. Akwai kuma wani mai ƙatuwar taya kamar ta babur, wanda aka yi domin ƙanƙara da yashi, nasa ya kan kai 200 ko ya wuce. Ka ga tsakanin na fari da na biyu akwai kusan inci guda. Dalili kuwa a fili ya ke. In taya ta yi kauri, sai an buɗa ƙarafa biyu da ke riƙe da ita, in an buɗa su kuwa sai an tura hannuwan feda waje don kada su doke su. In faranti uku ne, su ma suna neman wuri. Gidan boris kansa ba ɗaya ba ne: na yawancin kekunan hanya milimita 68 ne, na yawancin kekunan dutse 73.

Baƙin keke na iyayenmu, irin su Raleigh na Nottingham, da Phoenix na Shanghai a ƙasar Sin, da Hero da Avon na Ludhiana a Indiya, hannuwansa na baƙin ƙarfe ne, sirara, miƙaƙƙu, ba su gantsare waje kamar na kekunan dutse ba. Amma wanda ke da rufin sarƙa sai an bar wa rufin wuri ta gefen dama. Ba zan ba ka lamba ɗaya ta wannan iri ba, domin keken da ya shekara ashirin a ƙauye an sake masa ƙarfen tsakiya, an sake hannu, an sake feda, har ya zama da wuya ka sami biyu da suka zo daidai. Naka kai za ka auna.

Yadda za ka auna

Wahalar awon guda ce: hannuwan nan biyu ba su taɓa duban wuri ɗaya, in wannan ya yi sama wancan ya yi ƙasa. Ba dama ka miƙa rula daga wannan zuwa wancan. Dabara ita ce ka auna ko wanne shi kaɗai zuwa wani abu da ke tsakiyar keken, sa'an nan ka tara. Abin da ke tsakiya kuwa shi ne bututun da ya tashi daga gidan boris ya nufi sirdi.

Kayan aikinka ba su da tsada. Tsinken tsintsiya miƙaƙƙe guda biyu, da wuƙa ko reza, da rula ko tef irin na tela. Na fi son tsinke bisa ga rula, ga dalili: yawancin ruloli suna da ɗan fili a baki kafin lamba ta fara, wanda bai lura ba sai ya ɓatar da milimita 4 ko 5 tun bai fara ba.

Ka jingina keken a tsaye. Ka juya feda har hannun dama ya miƙe sama, ya jeru da bututun sirdi, in ka tsaya a gefe ka duba ya rufe shi. Ka ɗauki tsinke ka dafa bakinsa a jikin bututun, ta gefen da ke fuskantar hannun, daidai tsayin ramin feda. Ka miƙo tsinken waje ya wuce ta gefen hannun. A nan ne mutane su kan yi kure: tsinken ya zama a kwance sosai, ya bi yadda ƙarfen tsakiya ya bi, kada ya karkata sama ko ƙasa, gaba ko baya, gama karkataccen awo kullum ya fi na gaskiya tsawo. Sa'an nan ka yi alama da wuƙa daidai fuskar waje ta hannun, inda wuyan feda ya zauna a kansa. Ka yanke tsinken a nan. Ka riƙe shi, shi ne na dama.

Ka zaga ɗaya gefen, ka juya feda rabin zagaye har hannun hagu ya hau sama, ka yi kamar yadda ka yi, da tsinke na biyu.

Tun ba ka nemi rula ba ka riga ka sami labari. Ka jera tsinken nan biyu a tafin hannunka. In sun zo daidai, ko ɗaya ya ɗara ɗaya da kamar ƙwayar gero ko biyu, madalla. In kuwa ɗaya ya fi ɗaya da faɗin ɗan yatsa, to, kana zaune a tsakiyar sirdi amma ƙafafunka ba su raba keken daidai ba.

Yanzu ka aza su a kan rula. A ce na dama ya ba ka milimita 66, na hagu 62. Ka tara, 128 ke nan. Saura kaurin bututun da ke tsakaninsu. A keken baƙin ƙarfe irin na da, kaurin bututun sirdi inci 1 ne da kashi ɗaya cikin takwas, watau milimita 28 da rabi da ɗan kaɗan, mu ce 29. In ka ƙara 29 a kan 128 ka sami 157. Faɗin hannuwan wannan keke ke nan. In kekenka na alminiyam ne, bututunsa ya fi haka kauri. Sai ka naɗa masa zare sau ɗaya, ka auna tsawon zaren, ka raba shi uku, ka rage ɗan kaɗan. Zaren da ya kai milimita 100, kaurin bututunsa kamar 32 ne.

Saura faɗin taku. Ka auna daga fuskar waje ta hannu zuwa tsakiyar feda. Feda mai roba irin ta baƙin keke faɗinta kamar inci 4 ne, tsakiyarta ta kan faɗa wajen milimita 60 daga hannu. Ka tara na dama da na hagu a kan abin da ka samu: 157 da 60 da 60, ya zama 277, watau kusan inci 11. Amma in fedar tsohuwa ce, kada ka bi tsakiya, ka bi inda robar ta cinye. Nan ne ƙafarka ta zaɓa da kanta cikin shekaru, ita kuwa ba ta ƙarya. In cin ya koma can bakin waje, har gefen ƙafarka na rataye, jikinka na neman faɗi. In kuwa fentin hannun ya goge, yana ƙyalli inda idon sawu ko takalmi ke gogarsa, jikinka na neman matsi, ko kuwa diddigenka ne ya ke karkata ciki.

Ka yi awon sau biyu, ka rubuta shi a takarda da sunan keken. Ga amfanin iya rubutu. Ran da za ka sayi wani, ko za a sake maka hannu, sai ka tafi da takardarka da tsinkenka a aljihu.

Wanne ya fi, matsattse ko mai faɗi?

Masu tsere sun daɗe suna son matsattse. Akwai wani mutumin ƙasar Sikotlan, Graeme Obree, wanda ya ƙera kekensa da hannunsa, ya matse tsakiyarsa ƙwarai don ƙafafunsa su kusanci juna, har ya ciro boris daga injin wankin tufafi ya sa. Ran 17 ga Yuli 1993, a garin Hamar na ƙasar Norwe, ya yi kilomita 51.596 cikin sa'a guda, ya karya abin da Francesco Moser na Italiya ya kafa a 1984, watau 51.151. Amma kada a ba matsin taku yabon duka, gama ya kuma sake yadda a ke zama bisa keke, ya kwantar da ƙirjinsa a kan hannuwansa don iska ta rage tare shi. Kuma kwana shida kaɗai ya yi da girman, wani Ba'ingile, Chris Boardman, ya wuce shi.

Masana kuma sun gwada. A Jami'ar Birmingham ta Ingila an sa mutane sun tuƙa keken gwaji da faɗin hannuwa iri huɗu, milimita 90, da 120, da 150, da 180, aka buga sakamakon a 2014. Aka ga matsattsun biyu sun ɗan fi sauƙin cin ƙarfi. Ɗan kaɗan fa. Ga mai neman lambar zinariya wannan kaɗan ɗin dukiya ce. Ga wanda ya ɗauko buhun wake daga gona ba zai ko ji shi ba.

Ni a ganina, abin da ya kamace ka ba neman matsi ba ne, neman daidai ne. Mutane ba ƙira ɗaya ba ne. Wani mai faɗin ƙugu ne, wani siriri, wani gwame ne, gwiwoyinsa na haɗuwa, wani kuwa ƙafafunsa sun buɗe kamar baka. Ka sa abokinka ya tsaya a gabanka kan hanya miƙaƙƙiya, ka tuƙo wajensa a hankali, ya zuba wa gwiwoyinka ido. Abin da a ke so, ko wace gwiwa ta hau ta sauka bisa ƙafarta, kamar taɓarya cikin turmi. In tana faɗawa ciki wajen bututu duk sa'ad da ka taka, ko tana fita waje tana zana da'ira, ko ɗaya na yin abin da ɗayar ba ta yi, akwai abin dubawa.

Sai dai in faɗa maka gaskiya: cikin masu kukan gwiwa, waɗanda sirdinsu ya yi ƙasa sun fi waɗanda faɗin taku ya dama yawa nesa. Mutanenmu suna son sirdi a ƙasa don su iya dafa ƙasa da ƙafa biyu in kaya ya rinjaye su. Ka fara gyara wannan. Ka zauna bisa sirdi, ka sa diddige a kan feda tana can ƙasa; in ƙafarka ta miƙe sosai ba tare da ka karkata ƙugu ba, tsayin ya yi. In ka gyara sirdi ka yi mako biyu ciwon bai tafi ba, sa'an nan ka komo ga tsinke. Gwiwar da ta kumbura kuwa, ko ta ke zafi ko ba ka hau keke ba, wannan ba aikin sifana ba ne, asibiti za ka.

Inda ɓarna ta kan shigo

Sabon keke da wuya ya zo a karkace. A wurin gyara abin ya kan faru, ni ma ya same ni. Ina da wani keken gwanjo da na ke zuwa aiki da shi. Wata rana zaren ramin fedar hagu ya cinye, fedar ta fāɗi a hanya. Na tura shi wurin wani mai gyara a bakin titi, ya tona cikin tarkacensa ya ciro wani hannu, ya ɗaura, na biya na yi godiya. Bayan kamar mako uku gwiwata ta hagu ta soma yi mini suka ta ciki, musamman in na tashi daga zaune. Na sha magani, na shafa man zafi, na ce tsufa ne ya ƙwanƙwasa ƙofa. Sai ran nan ina wanke keken na lura hannun hagu ya gantsare waje, na dama kuwa miƙaƙƙe ne. Na sa tsinke. Ashe na hagu ya fi na dama nisa da milimita 11. Da na leƙa bayan hannuwan, inda a ke buga lambar tsawo, na dama an rubuta 170, na hagu 175. Watau ƙafa ɗaya tana zagaya babbar da'ira can waje, ɗaya tana zagaya ƙarama a ciki. Ban ga laifin mai gyaran sosai ba, abin da ke gare shi ya ba ni, ni ne ban duba ba. Da na sami hannu ɗan'uwan na dama, ciwon ya bi hanyarsa.

Saboda haka in za a sake maka hannu ɗaya, ka tafi da tsohon, a jera su, tsawo da gantsarewa su zo ɗaya. In ba a samu ba, gara ka haƙura ka sayi biyun tare.

Abu na biyu, ƙarfen tsakiya. A baƙin keke bakinsa ɗaya ya fi ɗaya tsawo, dogon kuwa na gefen sarƙa ne, don a bar wa faranti wuri. In yaron mai gyara ya juya shi, faranti zai riƙa gogar gangar jiki, hannun hagu kuma ya yi can waje. A kekunan gwanjo masu ƙarfen tsakiya mai baki murabba'i, tsawon ƙarfen iri iri ne, daga wajen milimita 103 har fiye da 120. In aka sa maka dogo a maimakon gajere, takunka ya buɗe, sarƙa kuma ta bar layinta, ta riƙa ƙara tana cin haƙora.

Na uku, lanƙwasa. Keke ya fāɗi da buhu biyu a kansa, feda ce ta kan fara dukan ƙasa. Daga nan sai ka ji feda na rawa ƙarƙashin tafin ƙafarka ko wane zagaye, kamar ka taka kwale-kwale. Ko dai wuyan fedar ne ya lanƙwashe, ko hannun. Ka ara fedar wani ka ɗaura. In rawar ta tafi, feda ce, in tana nan, hannu ne, tsinke kuma zai nuna maka. Hannun baƙin ƙarfe maƙeri ya kan iya miƙe shi da bututu, a hankali, ba da wuta ba. Ƙasar Gaya kuwa ba a koya mata ƙarfe, tun da labarin kaka da kakanni ya ce daga nan maƙeran farko suka tafi Dutsen Dala neman tama. Amma hannun alminiyam in ya lanƙwashe, kada ka yarda a miƙe shi. Ya kan tsage ta ciki ba ka gani ba, ya ɓalle ran da ka miƙe tsaye a kansa kana hawan tudu.

Ƙusar nan kuma da ke ɗaure hannun baƙin keke a jikin ƙarfen tsakiya, mai gefe ɗaya a fiƙe da noti a ƙarshe, ka sa ido a kanta. Biyun su zama iri ɗaya, ɗaya ta shiga ta nan ɗaya ta can, in ba haka ba hannuwan ba za su miƙe layi ɗaya ba. Da guduma a ke zaunar da ita, a tokare hannun daga ƙasa don kada dukan ya faɗa kan boris, noti kuwa riƙewa kaɗai ya ke yi. Wanda ya sa ƙusar kafinta a wurin ya sayi sabon ƙarfen tsakiya bashi.

In kana so ka ƙara faɗi ko ka rage

Ƙarawa ta fi sauƙi. In gefe ɗaya ya gaza da kaɗan, ka kwance feda ka sa wasa ta ƙarfe tsakaninta da hannu, mai kaurin milimita 1 ko 2. Kada ka wuce haka, gama ko wace wasa tana rage zaren da ke riƙe da fedar, in zaren ya yi kaɗan sai ya cinye ramin. In kana bukatar fiye da wannan, ka nemi feda mai faɗi ko mai dogon wuya. Ragewa kuwa sai da gajeren ƙarfen tsakiya ko miƙaƙƙun hannuwa, kuma tana da iyaka: ka juya feda a hankali ka ga ƙarshen ko wane hannu ya wuce ƙarfen baya da ratar milimita 3 ko fiye, domin ƙarfe ya kan ɗan ba da kai in ka taka da ƙarfi. Ka tuna da diddigenka kuma, da jarkokin da ka kan rataya a baya, da bakin wandonka kusa da sarƙa.

In za ka kwance feda da kanka, ka dubi ƙarshen wuyanta, za ka ga harafi. Mai R ta dama ce, mai L ta hagu. Ta dama tana ɗauruwa kamar ko wane noti. Ta hagu zarenta a juye ya ke, an yi haka da gangan don kada tuƙi ya kwance ta. Inda ka saba juyawa don ɗaurewa, nan ne kwancewarta. Ka shafa wa zaren ɗan giris, ka fara murɗawa da yatsu har zagaye uku ko huɗu kafin ka sa sifana. In ta ƙi shiga da yatsu, ka tsaya, ka fitar, ka sake duba harafin.